Tabarma, benci da kwangila: a ina ɗan aji ɗaya zai zauna?

Jama'a ku yi haƙuri, rubutun yau zai ɗan yi tsawo. Wanda yake sauri ya ajiye sai dare.

Duk lokacin da hoton 'yan firamare zaune a ƙasa ya fara yawo, kafin a je ko'ina na san yadda za ta kaya. Mutane za su kasu gida biyu. Kashi na farko su ce abin kunya, ina kuɗin benci, a sayo benci. Kashi na biyu, waɗanda galibi gwamnatin da aka ɗauki hoton a zamaninta tasu ce, su fito da sabuwar kariya: wai ai yanzu ko a Amurka a ƙasa yara suke zama. Har su haɗo da hoton wani aji mai darduma, yara sun baje suna karatu. Wasu su ƙara da cewa mu ma ai a ƙasa muka yi makarantar allo, me ya same mu? A yi kwana uku ana musayar yawu, wani labarin ya taso, a manta. Yaran kuwa suna nan inda aka bar su.

Ni ban tare da kowane ɓangare. Masu kariya suna fakewa da guzuma ne su harbi karsana. Masu kiran a sayo benci kuma, da kyakkyawar niyyarsu, suna yi wa 'yan kwangila talla kyauta. Tambayar da ya kamata a yi ita ce: yaro ɗan shekara shida da zai yi awa huɗu ko biyar a aji, wane irin zama ne zai bar shi ya ga allo, ya ji malam, ya yi rubutu, ba tare da jikinsa ya dame shi ba? Shekara kusan hamsin ke nan da fara UPE a 1976, har yau ba mu zauna mun amsa wannan tambayar ba. Abin da muka iya kawai shi ne ƙirga benci.

Bari mu fara da Amurkar da ake kafa hujja da ita. Gaskiya ne, makarantun firamare da yawa a can sun rungumi wani tsari da ni zan kira zaman zaɓi. Malama za ta rage jerin tebura, ta kawo wuraren zama iri-iri: darduma, wani buhu mai laushi kamar tumtum, kujera 'yar tsuguno mai ɗan lilo, babbar ƙwallon roba da ake zama a kai, gajeren tebur na zaman ƙasa, da dogon tebur da yaro zai yi aiki a tsaye. Yaro ya zaɓi inda aikinsa zai fi tafiya, in ya mai da abin wasa a sauya masa wuri. Dalilinsu shi ne ƙaramin yaro ba a halicce shi don ya ƙame wuri ɗaya ba. In ka hana shi motsi, hankalinsa ne zai yi motsin.

To amma duba da kyau. Yaron da ka gani a kan darduma, kujera da tebur suna nan a ajin, shi ya ga dama ya sauka. Daɓen a share yake, rufin ba ya yoyo, yaran ajin ashirin da 'yan kai ne. Kuma sau da yawa ba hukuma ce ta sayi kayan ba, malamai ne da kuɗin aljihunsu ko ta hanyar neman taimako a shafin DonorsChoose, wanda wani malami a unguwar Bronx ta birnin New York ya kafa a 2000. Mai azumi da wanda bai sami abinci ba duka cikinsu wayam ne, amma ba wanda zai ce halinsu ɗaya. Ɗan Amurka zaɓi ya yi. Namu tilas aka yi masa. Duk wanda ya jera hotunan nan biyu ya ce ai abu ɗaya ne, ko dai bai fahimta ba, ko kuma ya raina mana hankali.

Tunanin ma ba na Amurkawa ba ne tun asali. A 1907 wata likita 'yar Italiya, Maria Montessori, ta buɗe makarantar ƙananan yara a wata unguwar talakawa da ake kira San Lorenzo a birnin Rum. Cikin abubuwan da aka fi saninta da su har da watsi da manyan bencina masu nauyi da ake kafewa a ƙasa. Ta sa aka ƙera ƙananan tebura da kujeru marasa nauyi, daidai tsayin yara, waɗanda su da kansu za su iya ɗauka, ta kuma bar su su shimfiɗa 'yar darduma su yi aiki a ƙasa. Ku lura, 'ya'yan talakawa ta fara yi wa. Yau sunanta ne a jikin allunan makarantun kuɗi a manyan garuruwanmu, alhali in ka leƙa wasu daga cikinsu ba abin da ya haɗa su da ita sai sunan.

Kuma kada wani ya ɗauka ina cewa mu kwaso ƙwallayen roba mu zuba a azuzuwanmu. Su kansu masu abin ba su ce maganin komai ba ne. Binciken da aka sha yi a Ingila da Amurka ya nuna cewa in aikin na kowa-ya-yi-nasa ne, zaman jeri ya fi sa yara su mai da hankali. In kuma tattaunawa ce ko aikin haɗin gwiwa, zaman da'ira ko na rukuni ya fi. Wato darasi ne ke faɗin irin zaman da ya dace. Akwai kuma wani babban bincike da Jami'ar Salford ta Ingila ta fitar a 2015 ƙarƙashin Farfesa Peter Barrett. Sun bi yara 3,766 a azuzuwa 153 na makarantun firamare 27. Suka gano cewa yanayin ɗakin karatu shi kaɗai yana da alhakin kashi 16 cikin 100 na bambancin ci gaban yara a shekara guda. Kusan rabin wannan tasirin kuwa daga haske ne, da iska, da zafi ko sanyin ɗaki. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sai maganar makarantar allo. Wannan hujjar ta fi ta Amurka ƙarfi, don haka ta cancanci amsa cikin ladabi. Ƙwarai kuwa, a ƙasa aka yi karatun allo, kuma an fitar da mahaddata da manyan malamai. Amma magabatanmu ba haka kawai suka zaunar da yara ba, tsari ne cikakke. Akwai buzu ko tabarma. Kuma shi allo, ka taɓa tunanin cewa shi kansa tebur ne? Katako ne mai tauri. Ka ɗora shi a cinya ko ka jingina da gwiwa, ka tsoma alƙalami a tawada, ka rubuta ba tare da ka duƙa ba. Rubutun kaɗan ne, galibin lokacin karatu ne da baki. Yaro yana kaɗa jiki yana biyawa, ya tashi ya je gaban malam, ya dawo. Ana yi da safe a tashi, a dawo da yamma. Wallahi in zaman zaɓi ake nema, tsangaya ta fi ajin bokonmu kusa da shi.

Littafin rubutu kuwa takarda ce mai laushi, ba ta tsayuwa da kanta. Dole sai an sami shimfiɗaɗɗen wuri mai tauri. Yaron da ba shi da tebur abu biyu ya rage masa: ya ɗora a cinya fensir yana huda takardar, ko ya ajiye a ƙasa ya kifa ciki kamar mai neman allura. A haka muke so ya koyi bambanta b da d, ya ja layi ya miƙe, ya kwafi lissafi daga allon da kawunan mutum tamanin suka tare masa. Mun ɗauko zaman tsangaya, mun bar buzun, mun bar allon, mun haɗa da kayan aikin boko. Ba mu ga tsuntsu ba mu ga tarko.

Kuma wace ƙasa ake magana? Ba daɓe mai santsi ba fa. Simintin da ya farfashe ne ya koma rami-rami, ƙura ta cika shi, tururuwa da cinnaka suna kai kawo. Da hunturu sanyin simintin nan yana ratsa ɗan wandon yaro tun ƙarfe takwas. Da damina kwano yana yoyo, yara su takure a kusurwar da ta bushe. 'Yan mata, musamman na aji biyar da shida da suka fara girma, rabin hankalinsu yana kan yadda za su gyara zama su rufe jiki. Uwa a gida tana fama da wankin kayan makaranta a wannan tsadar sabulun. Malam kuma ba shi da hanyar ratsawa ya duba littafin na baya, sai dai ya tsaya gaban allo yana ɗaga murya. Wanda ya ce wannan ba komai ba ne, don Allah ya gwada zama a daɓen garejin gidansa daga takwas zuwa ɗaya, ya rubuta wasiƙa shafi biyu a cinya, sannan ya dawo mu yi magana.

Yanzu sai 'yan uwana masu cewa a sayo benci. Na fi kusa da ku, amma ku tsaya mu kalli bencin da ake sayowa.

Kun san shi. Dogo ne, mazauni da tebur a haɗe, ƙarfe da falanki, mutum uku, sai ƙarti biyu sun kama yake ɗaguwa. Girmansa ɗaya ne daga aji ɗaya har aji shida, wani lokacin ma irin wanda aka kai sakandare ne. A Turai akwai ma'aunin kujerun makaranta da ake kira EN 1729. A yadda ake amfani da shi a Ingila, ɗan shekara shida zuwa takwas kujerarsa santimita 35 ce daga ƙasa, teburinsa 59. Da yaren kafinta, wajen inci 14 da inci 23. Na babban mutum kuwa 46 da 76 ne, wato inci 18 da inci 30. Ƙa'idar mai sauƙi ce: tafin ƙafa ya taka ƙasa, gwiwar hannu ta yi daidai da saman tebur. To mu namu yaran ma sun fi nasu ƙanƙanta. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 57 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Arewa maso Yamma ba su kai tsayin da ya dace da shekarunsu ba. Su ne suke shiga aji ɗaya.

Ka ɗora irin wannan yaron a bencin da aka auna da jikin babba. Ƙafafunsa suna reto, bakin falanki yana danne masa bayan cinya, tebur ya zo masa ƙirji ko haɓa. Minti goma zai fara mutsu-mutsu. Ya durƙusa a kan bencin, ya miƙe tsaye, ya zame ƙasa. Sai a ce ba ya ji, monita ya rubuta sunansa, bulala ta biyo baya. An bar jaki ana dukan taiki. Yaron nan ba rashin kunya yake yi ba, ƙafarsa ce ta yi tsami.

Sannan ga lissafin fili, wanda kowa zai iya yi. Mu ɗauki aji mai mita 7 a faɗi, 8 a tsawo. Ka bar wa malam da allo wuri a gaba, ka bar hanyoyin wucewa. Abin da zai shiga bai wuce benci uku a jere sau bakwai ba, 21 ke nan. Mutum uku-uku, yara 63. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya yara 35 a firamare. To ajin da yake da 120 fa, wanda duk mazaunin birni ya san akwai irinsa? Aji uku ne da ɗoriya aka cusa a ɗaki ɗaya. Ko yau aka cika shi da sababbin benci, mutum 57 ba su da wuri. Abin da ke faruwa shi ne manya da masu ƙarfi su kame bencin, ƙanana su zube a gaba da tsakanin layi. Mun sayi benci, mun ƙara wa ƙarami wahala.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, na kusa shekara ashirin ina ɗaukar fayil, kuma akwai iyakar abin da zan faɗa. Ba zan kama sunan ma'aikata ko mutum ba. Amma zan gaya muku dalilin da ya sa benci ya fi komai farin jini a takarda. Benci yana ƙirguwa. Za ka rubuta guda dubu kaza, kuɗin kowane kaza, ka tara. Ana iya jera shi a fili, a fesa masa sunan shiri da shekara, a ɗauki hoto, a yanka zare. Gyaran daɓe ba shi da hoto. Buga ƙusa a bencin bara ba shi da biki. A duk takardun da suka ratsa teburina, na ga ana tambayar guda nawa ne, nawa ne kuɗin, wa aka ba. Ban taɓa ganin inda aka tambayi inci nawa ne tsayinsa, ko 'yan aji nawa ne za su hau ba.

Sakamakon yana nan a kusurwar azuzuwa. An yi da ɗanyen katako, ya bushe ya tsage. Walda ta ɗigo-ɗigo ta saki. Zango ɗaya ko biyu, ka ga an tara su a bayan aji kamar itacen girki, ƙusoshi a waje suna yaga wa yara riga. Hedimasta ba shi da ko sisi na gyara, kuma yana tsoron taɓawa kada a ce ya salwantar da kayan gwamnati. Mu ma jama'ar gari ba mu wanku ba. Wa yake kwasar bencin makaranta zuwa wurin biki da zaman makoki ya manta bai mayar ba? Wa yake sayen ƙarfen a hannun 'yan gwangwan? Bayan shekara uku sai a sake ɗaukar hoto, a sake ihu, a sake ba da kwangila. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada kuma a ce babu kuɗi. An ƙaddamar da UBE a Sakkwato a 1999, dokarsa ta fito a 2004, ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na gwamnatin tarayya don ilimin matakin farko. Sharaɗin shi ne jiha ta ajiye nata kason, sannan ta ɗauki na UBEC. Shekara da shekaru shugabannin hukumar da kansu suke kukan cewa biliyoyin naira suna zaune jihohi ba su zo sun ɗauka ba. A watan Yunin 2024 gwamnan Kano, Abba Kabir Yusuf, ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, kuma cikin hujjojin da ya kawo da bakinsa har da ɗimbin yaran da ke zaune a ƙasa. Na kawo wannan ne don a gane cewa maganar ba ƙagen 'yan adawa ba ce, ba kuma ta jiha ɗaya ko jam'iyya ɗaya ba ce. Kowace jam'iyya ta yi mulki a Arewa, kowacce ta sayi benci, kuma kowacce ta bar yara a ƙasa.

To me nake so a yi? Ga nawa ra'ayin, wanda ya fi ni sani ya gyara.

Na ɗaya, a fara daga ƙasa da sama. Daɓe mai kyau, rufin da ba ya yoyo, tagogin da iska da haske za su shiga, ƙofa mai kulle. Ku tuna binciken Salford: haske da iska da zafi su ne kusan rabin tasirin. Zuba sabon benci a ɗakin da ba ƙofa sadaka ce ga ɓarayi.

Na biyu, 'yan aji ɗaya zuwa uku a yi musu zaman ƙasa na gaskiya, wanda aka tsara. Tabarma mai kyau, ta kaba ko ta roba, a cire takalmi a ƙofa kamar yadda kowane ɗan Bahaushe ya saba. Kowane yaro a ba shi allon cinya, wato ɗan falanki mai santsi marar nauyi da zai ɗora littafi a kai. Wannan ba mafarki ba ne. A Afirka ta Kudu akwai shirin Tutudesk da marigayi Bishop Desmond Tutu ya tsaya wa, ba abin da suke rabawa sai irin wannan allon. Mu da muka gaji allo kaka da kakanni, sai wani ne zai koya mana? A haɗa da gajerun tebura masu tsayin zaman ƙasa, da 'yan kujerun tsuguno a layin baya don na baya su hango allo ta saman kan na gaba. In lokacin labari ne a yi da'ira, in na rubutu ne a yi jeri. Tsarin koyar da yara gwargwadon matakinsu da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ƙirƙiro, wanda aka gwada a Borno da kuma Wudil da Dawakin Tofa a Kano, yawancin aikinsa a da'ira ake yi a ƙasa, yara suna koyon lissafi da tsinkaye da ɗauri-ɗauri. Dogon benci ma cikas ne ga irin wannan darasin.

Na uku, 'yan aji huɗu zuwa shida, da rubutunsu ya yi yawa, a ba su tebur da mazauni. Amma a yi girma biyu ko uku, a raba tebur da mazauni, a yi marar nauyi da yara biyu za su iya juyawa. Kafin a rubuta takardar kwangila, wani ya ɗauki abin awo ya je ya auna yaran.

Na huɗu, a ba kafintoci da masu waldar garin aikin, ta hannun kwamitin kula da makaranta na al'umma, wato SBMC. Kafintan da ɗansa ko ɗan maƙwabcinsa zai hau bencin, kuma za a haɗu da shi a masallaci, ba zai yi da ɗanyen katako ba. A kuma ware wa kowace makaranta ɗan kuɗin gyara kowane zango, a manna lissafinsa a ƙofar ofishin hedimasta. Ƙusa ɗaya a kan lokaci ta fi sabon benci bayan shekara uku.

Na biyar, kuma wannan ko kwabo ba ya ci: a zaunar da yaro gwargwadon buƙatarsa. Mai raunin gani da mai raunin ji su zo gaba. Wanda shan inna ya taɓa a ba shi wuri kusa da ƙofa da mazaunin da ya dace da shi. Bahago ya zauna a ƙarshen hagu don kada gwiwar hannunsa ta riƙa karo da ta maƙwabcinsa. Sauran a riƙa juya layi kowane mako, kada wasu su dawwama a baya har a yanke musu hukuncin daƙiƙanci. Yara nawa muka kira daƙiƙai alhali allon ne ba sa gani? Kuma bayan kowane ɗan lokaci a bar su su miƙe, su yi miƙa, su yi waƙar ƙidaya, su zauna. Ba sai an jira tara ba.

Na shida, a canja ranar ƙirga. A daina ƙirga benci ranar da aka sauke daga mota. A ƙirga bayan shekara guda, a ga nawa ne suke tsaye, kuma a riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila sai ranar.

Na san abin da wasu za su ce: kana so a mai da 'ya'yan talakawa kan tabarma, 'ya'yan manya suna kan kujera. Tuhumar tana da nauyi, don an sha yi wa talaka wayo da sunan dabara. Amsata ita ce ma'auni ɗaya ne: duk zaman da jami'in da ya sa hannu ba zai yarda ɗansa ya yi ba, kada a kai shi makarantar gwamnati. Tabarma mai tsabta a kan daɓe mai kyau, da allon cinya, a ɗaki mai iska, wallahi zan yarda ɗana ɗan aji ɗaya ya zauna. Bencin da ƙafarsa za ta yi reto awa biyar ba zan yarda ba, ko da an fesa masa fenti kala bakwai. Kuma masu biyan kuɗin makaranta kada su ɗauka sun tsira. Ku leƙa ajin 'ya'yanku. Da yawa ɗakin kwana ne na gidan haya aka cusa yara arba'in, taga ɗaya, kujeru a matse kamar motar haya.

Wasu kuma za su ce matsalar malamai ce, ba wurin zama ba. Ƙwarai, ba abin da ya kai malami nagari. Amma malami nagari a gaban yara 120 da ba su da inda za su ɗora littafi, me zai yi? Shi kansa malamin sau nawa kuka gan shi zaune a bakin taga yana duba littattafai don ba shi da kujera? Abubuwan a sarƙe suke. Kuma tabarma ba za ta maye gurbin gina sababbin azuzuwa da ɗaukar malamai ba. Ba na so wani ya ɗauki rubutun nan ya mai da shi hujjar barin yara 120 a ɗaki ɗaya. Cunkoso maganinsa gini ne da malamai, ko karatun safe da na rana kafin a gama ginin. Abin da nake cewa shi ne ɗan da yake aji ɗaya bana ba zai jira ba. Shekara guda ce gare shi a ajin nan, a cikinta zai koyi riƙon fensir ko ya tsani makaranta.

Saboda haka ga roƙona. Yawancinmu da muke wannan muhawarar firamaren gwamnati muka yi, kuma tana nan inda muka bar ta. Kafin hoto na gaba ya fito, ka ɗauki safiya ɗaya ka je. Ka gaida hedimasta, ka nemi izini, ka shiga aji ɗaya. Ka dubi daɓen. Ka ƙirga yaran. In akwai benci, ka duba ko ƙafafunsu suna taka ƙasa. Ka tambayi su wane ne 'yan SBMC, yaushe suka yi zama na ƙarshe. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da ke tara kuɗin walima, ku tambayi birkila kuɗin daɓen aji guda, ku tambayi kafinta kuɗin allon cinya hamsin. Za ku yi mamakin yadda abin bai fi ƙarfinku ba. Sannan da wannan ilimin a tunkari kansila, da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, da SUBEB, da ɗan majalisa. A tambaye su inci nawa, na 'yan aji nawa, wa zai gyara in ya karye. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Malaman firamare da ke cikinku, ku kuka fi mu sanin ajin, ina son jin ta bakinku, musamman inda kuke ganin shawarata ba za ta yiwu ba.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya ba shugabanninmu ikon sauke amanar da suka ɗauka.